Tarihin Damina a Jikin Birin Kurmi: Yadda Na Gudanar da Bincikena daga Kano

A ranar da malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya ba ni maudu'i, hazo ya lulluɓe Kano har ba a hango Dutsen Dala daga nesa, fatar hannuna ta yi furu-furu saboda hunturu, shi kuwa yana yi mini maganar dazuzzukan da ruwan sama ke zuba a cikinsu kusan duk tsawon shekara. Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare da ke cikin birni, kuma abin da na je da shi a raina shi ne in yi bincike a kan ƙwaron da ke cin wake a rumbu. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce: "Malam, wannan an yi shi da yawa. Ina so ka duba mini yadda yanayi ya tsara bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin dabbobin kurmin Afirka, ka ɗauki birin cimfanzi ya zama misalinka." Na ce: "Allah ya gafarta Malam, ban taɓa shiga kurmi ba, kuma ba ni da halin zuwa." Ya ce waɗansu sun riga sun shiga, sun kwaso gashin biran daga sheƙar da suke yi a kan bishiya kowane dare, sun karanta abin da ke ciki, sun ajiye shi a rumbun da kowa ke iya buɗewa kyauta. Abin da ya rage shi ne a sami mai haƙurin zama ya tambayi waɗannan bayanai tambayar da ta dace.

Watanni 2 na farko karatu kawai na yi. A nan na fara gamuwa da Jürgen Haffer, Bajamushe masanin duwatsu mai sha'awar tsuntsaye, wanda a shekarar 1969 ya kawo ra'ayin cewa a lokutan da duniya ta yi sanyi kuma ta bushe, dajin Amazon ya tsinke ya koma tsibirai na kurmi da ciyawa ta kewaye, dabbobin da suka fake a kowane tsibiri suka daɗe ba su haɗu da 'yan uwansu ba har suka bambanta. Waɗannan tsibirai su ne ake kira mafaka. Tun kafin shi, a 1852, Alfred Russel Wallace ya lura cewa manyan kogunan Amazon suna raba nau'o'in birai, wani nau'i a wannan gaɓa, wani a waccan. Daga baya ra'ayin Haffer ya sha suka a can Amazon ɗin, domin ƙurar furannin da aka tono daga ƙarƙashin tafkuna ta nuna cewa a wurare da dama dajin bai gushe ba. Amma Afirka ta fi Amazon ƙarancin ruwa, kuma hujjar tsinkewar kurmi a nan ta fi ƙarfi. Lakar tafkin Bosumtwi na Ghana ta nuna cewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara, wato lokacin tsananin sanyin duniya na baya, ciyawa ta mamaye inda yau yake daji, alhali lakar tafkin Barombi Mbo na yammacin Kamaru ta nuna cewa a can kurmin ya ragu amma bai ɓace ba.

Abin da ya fi ba ni wuya a farko shi ne in gane dalilin da zai sa daɗewar daji ta bar alama a jikin dabba. Ban sami bakin zaren a littafi ba sai a Kasuwar Dawanau, a rumfar kawuna wanda ya shafe shekaru yana fataucin hatsi. Ina ba shi labarin aikin, sai ya ɗebo dawa daga buhuna 2, kaura da farafara, ya zuba mini a tafin hannu, ya ce: "Ɗana, ai wannan mun san shi. Garin da bai taɓa watsewa ba, za ka tarar da iri kala-kala a wurinsu, kowane gida da wanda ya gada. Garin da fari ya kora, kamar yadda aka yi a 1973, in suka dawo da irin da ya tsira a hannun mutum 2 ko 3 suke sake shuka, gonaki su cika amma irin ya zama ɗaya." Wannan shi ne ainihin abin da masana ke nufi. Yawan dabba yana iya dawowa cikin ɗan lokaci bayan masifa, amma bambancin da ke cikin ƙwayoyin gadonta ba ya dawowa sai bayan dubban shekaru, domin a hankali yake taruwa. Kowace haihuwa kwafar saƙo ce mai haruffa 4 kacal, wato A, C, G da T, kuma kamar yadda mai kwafar tsohon littafin ajami yakan zame a harafi ɗaya, wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji zamewar, haka ake samun canji jefi-jefi ya bi zuriya. Al'ummar da ta daɗe da yawa a wuri ɗaya tana tara irin waɗannan canje-canje, wadda ta ƙanƙance kuwa tana zubar da su.

Malam bai yarda in taɓa kwamfuta ba sai da na yi aikin ɗakin gwaji da hannuna ko sau ɗaya, domin a cewarsa wanda bai ga yadda ake samun haruffan ba zai ɗauke su kamar ba su da kuskure. Na sayo 'yar tsokar akuya a wurin mahauta, muka narkar da ita da sinadarai a cikin ƙaramin bututun roba, muka tace har ya rage wani ruwa garai-garai wanda ido ba ya ganin komai a cikinsa. Daga nan muka sa shi a na'urar PCR, wadda ke ninka ɗan yankin da ake so ta hanyar ɗaga zafi zuwa kusan digiri 95, ta sauke shi zuwa wajen 55, ta mayar da shi 72, ta maimaita haka sau 35. Karo na farko wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagayen, kafin a tayar da janareta aikin ya lalace. Karo na biyu, da muka haska farantin da fitila a ɗaki mai duhu, na ga ɗan siririn layi yana ƙyalli daidai inda ake tsammaninsa. Gani ya kori ji. Tun daga ranar nake tuna cewa kowane jerin haruffa da na sauke daga intanet wani ne ya sha irin wannan wahala a kansa, ƙari a kan tafiyar kwanaki a cikin daji.

Rumbun da na yi amfani da shi shi ne GenBank, wanda aka kafa a Amurka a 1982. Na zaɓi DNA ɗin maitokondiriya, wato saƙon gado da ke cikin ɗan sashen ƙwayar halitta mai samar mata da ƙarfi, wanda tsawonsa a jikin cimfanzi ya kai haruffa kusan 16,500, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. A cikinsa akwai wani ɗan yanki mai saurin canzawa wanda masu bincike suka fi karantawa, saboda ana iya samunsa ko daga gashin da ya zube. Bin tsatson uwa yana da muhimmanci ga wannan dabba, domin a al'adar cimfanzi mace ce ke barin garken da aka haife ta idan ta balaga ta koma wani, maza kuwa suna zama inda aka haife su. Saboda haka duk inda aka ga tsatson uwa ya kasa tsallakewa, to lalle akwai shinge na gaske a wurin. Da daddare nake sauke bayanan, bayan na gama duba littattafan ɗalibai, lokacin da intanet ta fi sauri.

Sauke su bai ɗauki mako guda ba, tace su ne ya cinye mini bazara gaba ɗaya. Da farko sai an jera su a manhajar MEGA, kowane harafi a ƙarƙashin takwaransa, aikin da ban sami sunan da ya fi dacewa da shi ba kamar daidaita sahu. Wani jerin ya fi wani tsawo, wani yana da giɓi a tsakiya, wani kuma an karanta shi daga ƙarshe zuwa farko sai an juya shi. Akwai waɗanda suka ƙi shiga sahu ko ta yaya, daga baya na gane cewa kwafin maitokondiriya ne da ya ɓata ya shige cikin babban kundin ƙwayar halitta tun da daɗewa, kuma dole a fitar da su. Sai babbar matsala, wato sanin inda kowace dabba ta fito. Da yawa an rubuta sunan ƙasa kawai, waɗansu kuma biran gidan namun daji ne na Turai ko na wuraren da ake kula da waɗanda aka ƙwato daga hannun mafarauta, waɗanda ba za a iya ɗora su a kan taswira ba. Na riƙa komawa ga asalin takardar da aka buga kowane rukuni a cikinta, ina neman sunan daji ko ƙauye, ina rubuta lambobin wurin a wani littafi mai bangon kwali. A nan na yi kuskuren da ya ci mini makonni 3: na manta alamar ragi a gaban lambobin wuraren da ke yamma da layin Girinwic, wanda daga shi ake ƙirga gabas da yamma a taswira, sai biran Gini da Kodebuwa suka bayyana a gabashin inda suke, waɗansu ma a cikin teku. Malam ne ya gano, ya nuna mini da bayan biro, ya ce in sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabin abin da na sauke ban iya amfani da shi ba, kuma har yau ina ganin duk wanda ya ajiye jerin haruffa a rumbu ba tare da ya faɗi inda ya samo shi ba ya tauye haƙƙin masu zuwa bayansa.

Da damina ta sauka na koma ɓangaren yanayi. Shafin WorldClim yana ba da taswirori 19 na ma'aunin zafi da ruwan sama, irin su jimlar ruwan shekara, ruwan watan da ya fi bushewa, da yadda zafi ke hawa da sauka tsakanin lokutan shekara. Yana kuma da kwatankwacinsu na shekaru 6,000 da suka wuce, da na ƙololuwar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kimanin shekaru 21,000 baya, lokacin da ruwan teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120. Manhajar MaxEnt tana karɓar wuraren da aka tabbatar dabba tana zaune yau, ta koyi irin yanayin da ke wuraren, sannan a ce ta nemo irin wannan yanayi a tsohuwar taswira. Kwamfutata ba ta da ƙarfi, don haka nakan kunna aikin bayan sallar isha'i, in ɗora ta a kan bulo 2 don iska ta riƙa shiga ƙarƙashinta, in duba da asuba.

Safiyar da taswirar zamanin ƙanƙara ta fito ba zan manta da ita ba. Koren ɗamarar da na saba gani daga Saliyo har zuwa gabashin Kwango ta yayyage, ta koma 'yan gungu: ɗaya a wajen Laberiya da makwabtanta, wani a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, wani a gaɓar Gabon, wani kuma can gabashin Kwango kusa da manyan tsaunuka. Ko a yau akwai ragowar irin wannan yagewa, wato zirin ciyawa da ya ratsa Benin, Togo da kudu maso gabashin Ghana har bakin teku, ya raba kurmin yamma da na tsakiyar Afirka. Na daɗe ina kallon saman taswirar, wajen da Kano take, sai na tuna da wata takarda ta 1958 da masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya rubuta a kan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa. Jigayin da muke wucewa ta cikinsu a arewa maso gabashin Kano, waɗanda yau ake noma gero da gyaɗa a kansu, iska ce ta tara su a zamanin da hamada ta gangaro kudu da inda take yanzu da ɗaruruwan kilomita. Irin bushewar da ta tara mana jigawa ita ce ta matse kurmi ya koma tsibirai. Da al'amarin ya juya kuma, ruwa ya yawaita, Tafkin Chadi ya zama kamar teku, kuma kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai kimanin shekaru 8,000, shaida ne na wancan zamani. Daga wannan safiya na daina jin cewa ina bincike a kan wata ƙasa mai nisa.

Da na zana bishiyar zuriya daga jerin haruffan, ta rabu gida 2 tun daga gindi, kamar yadda masu bincike suka samu kafin ni. Reshe ɗaya ya ɗauki biran yammacin Afirka tare da na Najeriya da yammacin Kamaru, ɗayan ya ɗauki na tsakiya da na gabashin Afirka, kuma iyakar tana wajen kogin Sanaga na Kamaru. Aikin Katherine Gonder da abokan aikinta, wanda aka fara bugawa a 1997, shi ne ya nuna cewa biran Najeriya da Kamaru zuriya ce mai zaman kanta. A cikin biran gabas na ga siffar da ake kwatantawa da tauraro, wato zubin jerin haruffa ɗaya a tsakiya da 'ya'yansa masu yawa kewaye da shi, kowanne ya bambanta da harafi 1 ko 2, alamar al'ummar da ta bazu daga 'yan kaɗan ba da daɗewa ba. Wannan shi ne garin da kawuna ya ce ya dawo bayan fari. A yankunan da taswirorina 3 suka nuna yanayin kurmi bai gushe ba, rassan sun fi zurfi kuma sun fi nisa da juna. Binciken da aka yi da dukan kundin ƙwayar halitta ya tabbatar da cewa biran tsakiyar Afirka, na Gabon da kewaye, su ne suka fi kowa yawan bambanci, na yamma kuma suka fi ƙaranci. Irin wannan dangantaka Ana Carnaval da abokan aikinta suka samu a 2009 a cikin kwaɗin bishiya na kurmin gaɓar Atlantika a Barazil, inda wuraren da yanayinsu ya fi daɗewa bai canza ba suka fi yawan bambanci.

Na kai wa Malam sakamakon ina murna, sai ya yi mini tambayar da ta hana ni barci: "To, Malam, wa ya raba su, kogin ko yanayin?" Gaskiya ce rabuwar manyan rassan nan ta girmi zamanin ƙanƙara na ƙarshe nesa ba kusa ba, domin ana lissafa ta da ɗaruruwan dubban shekaru, kuma a cikin wannan tsawon lokaci sanyi da ɗumi sun yi ta karɓa-karɓa kusan kowace shekara 100,000. Taswirata hoton zagaye na ƙarshe ne kawai. Kogi kuwa shinge ne na gaske ga dabbar da ba ta iya iyo, kamar yadda kogin Kwango ya raba cimfanzi da ɗan uwansa bonobo. Amsar da na gamsu da ita ita ce ba a raba su biyun, domin ruwan sama ne ke cika kogi, kuma a lokacin fari kurmin da ke bin gaɓar kogi yakan zama mafaka shi kansa, kamar siraran kurmin da ke bin rafuka a dajin Falgore, waɗanda ke zama kore bayan ko'ina ya bushe. Akwai kuma hanya ta 3 da yanayi ke aiki ba tare da shinge ba. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa biran arewacin Sanaga su kansu sun kasu gida 2, na kurmi mai duhu a tsaunukan yamma da na yankin da kurmi ke cuɗanya da ciyawa a tsakiyar Kamaru, inda rani ya fi tsanani kuma abinci ya bambanta. Tun a 1997 Thomas Smith ya nuna haka a jikin wani ɗan tsuntsun kurmi a Kamaru, wanda na bakin daji suka bambanta da na cikinsa a siffa alhali suna auratayya. Na kuma sa misalin babban jemage mai cin 'ya'yan itace a babin tattaunawa don kada a ɗauka ƙa'idar ta hau kowace dabba, domin binciken 2013 ya samu cewa jemagun faɗin nahiyar kusan al'umma ɗaya ce, tun da fiffike ba ya sanin kogi ko zirin ciyawa.

Ranar kare aikin, mai jarrabawar da ya zo daga wata jami'a ya tambaye ni amfanin wannan ga Najeriya. Na amsa da cewa zuriyar cimfanzin Najeriya da Kamaru ita ce mafi ƙarancin yawa a cikin 4 da ake da su, an ƙiyasta ta tsakanin 3,500 da 9,000, kuma muhimmin kaso nata yana gandun dajin Gashaka-Gumti, da ɗan ƙaramin garke a kurmin Ngel Nyaki na tsaunin Mambila. A tsaunukan Kuros Riba kuma akwai nau'in gorila wanda bai wuce kusan 300 ba a duniya. Waɗannan tsaunuka suna cikin wuraren da kurmi ya tsira a lokutan fari na baya, don haka abin da ke jikin dabbobinsu tsohon iri ne da ba za a same shi a wani wuri ba, kuma daga cikin irin wannan bambanci ne ake samun masu jure sabuwar cuta ko sabon zafi. A da, idan yanayi ya canza, daji yakan matsa a hankali dabbobi su bi shi, yanzu kuwa gonaki da tituna sun kewaye kowane gungu. Ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora yatsa a kan kudu maso yammacin Najeriya a taswirata, wajen dazuzzukan Omo da Idanre, inda ɗigon samfur ya yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da ɓangaren Kamaru, ya ce nan ne aikin yake.

Gyare-gyaren da aka ba ni sun ɗauki makonni 6, mafi yawansu a kan teburin wuraren samfur, wanda aka ce in sa shi cikakke a ƙarshen kundin tare da bayanin inda na samo lambobin kowane wuri. Bayan na miƙa kundin, Malam ya ba ni jerin abubuwan da ake bukata don neman izinin ɗaukar samfur a gandun daji na ƙasa, da bayanin yadda ake adana gashi a busasshiyar ambulan, da kashin biri a cikin barasar gwaji har a kawo shi ɗakin bincike. Na rubuta takardar neman izinin a makon da ya wuce, kuma na nemi hutun makaranta na watan Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma hanyar Serti zuwa Gashaka ta fi biyuwa.